Kunnen Alu

Duk ƙasar Kurfi babu wanda ya ga abin da Alu na Wurma ya gani ya kuma miƙe. Cutar agana ta kwantar da shi yana yaro, ya tashi. Yunwa ta share unguwarsu, ta bar shi. Da tsufansa 'yan bindiga suka ɗauke shi a gona, suka yanke masa kunne, ya dawo gida da ƙafarsa. Tun daga ranar, rawani bai bar kansa ba, kuma mutum irin wannan ba a yi masa gyara a magana.

Shi ya sa da jikarsa Batula ta kira shi a waya ta ce jami'ar gwamnati ta ɗauke ta karatun zane, shi kuma da kunnensa guda ya ji zane na ɗaurawa, kowa ya ja bakinsa. Ya bi kasuwa yana cewa jikarsa za ta ƙera atamfa. Da ubanta ya so hana ta, Alu ya ce, "Muddin ina numfashi sai ta gama." Kalmarsa kaɗai ke riƙe da ita a makarantar.

Ranar da ɗaliban suka kawo ayyukansu nuni a Dutsin-Ma, ya hau babur da amininsa Malam Usaini, har da alkawarin turmin atamfa ga matan gidan.

Batula ta tare su a ƙofa. "Angona, ka zo da wannan tsohon rawanin?"

"Ke amaryar da ba ta iya tuwo ba, ina atamfar?"

Ta shige gaba.

Babu atamfa ko ƙyalle. Hotunan mutane ne a bango, an zana da hannu. A ƙarshen zauren, inda jama'a suka taru tsit, akwai wani hoto da ya fi ƙofa tsawo. Alu ya ɗaga kai, ya ga Alu. Babu rawani. Ga zanzanar agana rami-rami, ga tsagar gado, ga dungun kunne a fili.

Sandarsa ta faɗi. Mutumin da bai durƙusa wa bindiga ba ya nemi bango ya dafa.

"Innalillahi," in ji Malam Usaini a hankali. "Alu, ashe surar mutane take yi. Kai kuma aka fara tuɓewa. Kwashe ta mu tafi gida."

"Kaka," in ji Batula, wasan ya fita daga muryarta, "na sha son gaya maka. Idan ka ce in bari, yau zan bari."

Alu bai ji ta ba. Ya ga wata mata ta rufe baki tana hawaye a gaban fuskarsa. Ya ga wani malamin jami'a ya cire hula. Ya matsa kusa, ya ƙura ido. Ya kai hannu ƙarƙashin rawani ya laluba.

"A ina kika ga kaina haka?"

"Ranar da kake alwala na zo bayanka na ɗauke mu hoto da kyamarar gaban wayata."

"To wayarki maƙaryaciya ce, ta juya ni. Na hagu suka yanke. Kin sa na dama."

Ya kama rawanin ya warware shi a gaban kowa, abin da ko matan gidansa ba su cika gani ba.

"Ku duba da kyau. Ni ne, kuma ga ni tsaye."

"Alu, gida fa muka ce," in ji Malam Usaini.

"Gida ina? Yarinyar da ba ta san hagu da dama ba? Karatunta da saura." Ya juya wa Batula dungun kunnen. "Ɗauko alƙalaminki, amarya. Wannan karon ki kalle ni da idonki."