Auren Murtsunguwa a La Guillotière

Murtsunguwar da Ruwaida ke reno a tagarta, a unguwar La Guillotière ta birnin Lyon, ba ta da kyan gani, kamar busasshen kara. Daga hamadar Meziko irinta ya fito, kuma can ma masu tonewa sun kusa ƙarar da shi. Ƙungiyar masu adana tsirrai ta Lyon ce ta ba ta amanarta. Ta ɗora tukunyar can sama, inda hannun ɗiyarta Amal ba ya kaiwa.

Sau ɗaya a shekara take fure, dare guda, da safe ya yanƙwane. Bana kuma gindinta ya soma ruɓewa, ba lalle ta ga baɗi ba. In ba a shafa mata garin furen wata 'yar'uwarta yau ba, iri ya tafi. A hamada malam-buɗe-littafin dare ke wannan aiki. Nan babu shi.

Garin furen kuwa yana Montreuil, kusa da Paris, a sanyaye cikin firigon wani ɗan ƙungiya. Gwaggon Ruwaida, da ke zaune can, ita ce ta karɓo shi a 'yar kwalba, ta hau jirgin ƙasa daga Paris.

"Ni da na aurar da 'yan mata ba iyaka," in ji Gwaggo tana cire takalmi, "yau itace zan kai wa ango!"

"Gwaggo, zauna ki huta. Ta soma buɗewa."

Bayan isha fure ya buɗe fari fat, ƙamshi ya cika ɗakin. Ruwaida ta nemi ɗan burushin da ta tanada, sai ta hango shi a bakin Amal, ya jiƙe sharkaf da yawu. Shaguna sun rufe, yatsa kuma ba ya shiga bakin kwalbar.

Ta dubi idon Gwaggo.

"Tsinken kwallinki yana jaka?"

"Ke, ɗiyar nan! Kwalli za ki sa mata?"

Ruwaida ta wanke tsinken, ta goge, ta naɗa masa auduga. Gwaggo ta goya Amal, ta haska da waya. A hankali Ruwaida ta lakato garin rawaya, ta shafa a tsakiyar furen, yadda ake bi da idon jinjiri.

Uwar murtsunguwar ba ta kai lokacin sanyi ba. Amma kafin ta bushe ta bar ɗa guda ja wur, cike da baƙaƙen iri. Ruwaida ta shuka su a tire. Da suka tsiro, ta kira Montreuil.

"Gwaggo, kin yi jikoki! Tire ya cika!"

Guɗar Gwaggo sai da ta sa Ruwaida ta janye wayar daga kunne.