Kujerar Bazara da Hunturu

Filin wasan garinmu tun farko ba a gina shi da hankali ba. Don besbol aka yi shi, wasan nan na Amurkawa da ake dukan ƙwallo da sanda, zamanin da masana'antun ƙarfe ke ci, sai wasu masu wayo a majalisar birni suka ce a cusa ƙwallon zari-ruga a ciki. Shi ke nan, kujeru suka koma ba sa kallon inda ya kamata, kowa ya tashi da ciwon wuya. Daga baya suka shimfiɗa ciyawar roba mai goge fatar 'yan wasa, suka kafa ginshiƙai a gaban mutane. Da suka gama ɓata shi tas, suka ce ya tsufa, a rushe.

Babana, Casimir Wojcik, ya yi fiye da rabin rayuwarsa a kujera ɗaya a filin nan, duk lokacin besbol. Ranar wasan ƙarshe kowa ya san abin da ake yi: ka zo da sifana ka kwance kujerarka, 'yan sanda su kau da kai. Wasan ƙarshen na zari-ruga ne, cikin sanyin Disamba. Baba ya ce zai je ya kwance tasa. Na ce masa gwiwarsa ba za ta hau matakalan nan ba, ya ce ai ba shawarata ya nema ba, motata ya nema.

Da ƙyar na kai shi sama bayan an tashi, yana nishi ina mita. Muna isa muka tarar da wani tsoho a durƙushe gaban kujerar Baba, ya riga ya cire noti biyu. Baba ya ce masa ya ɗaga daga kujerarsa. Mutumin, Lamont Pruitt, ko ɗagowa bai yi ba, ya ce tun kafin a haifi yarinyar nan yake zama a kai duk hunturu. Yarinyar nan fa ni ce, da jikokina.

Ashe tikitin kujera ɗaya ake sayar musu, wannan da bazara, wancan da hunturu, ba su taɓa ganin juna ba. Nan fa aka fara. Pruitt ya ce dama kai ne ƙazamin da ke cusa ɓawon gyaɗa a tsagar katako. Baba ya ce su 'yan zari-ruga ai ba kallo suke zuwa ba, tsalle suke a kan kayan mutane. Ni kuma yatsuna sun ƙage, ga kujeru dubbai babu mai su, na ce don Allah wani ya ɗauki ta kusa. Kallon da suka yi min tare, ka ce zagin iyayensu na yi.

Ƙarshe suka yanke abin da babu mai hankalin da zai yanke. Kujera za ta zauna gidan Baba lokacin besbol, ta koma gidan Pruitt lokacin zari-ruga. Wa zai riƙa jigila? Ni mana. Ƙarfe ne da katako, nauyi kamar buhun siminti, ta yaga min kujerar mota, ta taɓa min baya. Shekara da shekaru ina kai ta ina dawo da ita, kowanne yana aiko ni da ƙorafi kan yadda ɗayan ya riƙe ta. Wallahi na tsani kujerar nan.

Baba ya rasu a watan Janairu, tana gidan Pruitt. Raina ya yi baƙi ƙwarai, amma ba zan ɓoye ba, na ce aƙalla jigila ta ƙare. Watan Afrilu na kamawa sai ga waya, Pruitt ne, wai an fara besbol, yaushe zan zo in ɗauka.

Na ce, “Mista Pruitt, ai kana wurin jana'izar. Ka riƙe ta kawai, taka ce.”

Sai ya amsa min:

“Na sani, Bernadette. Na gwada zama a kai jiya, na kasa. Yanzu lokacinsa ne.”

Na ajiye waya ina faɗa ni kaɗai, na fita kwashe tarkacen bayan mota don kujerar ta samu wuri.