Kibiya a Kan Hoton Oliver

Bayan hatsarin motar da ya kashe Oliver a hanyar Shabu, danginsa suka aiko wa matarsa Ngunan cewa ta kai wa mai buga fosta hotonsa na sanarwar jana'iza. Ta san wanda take so: na ranar bikin girbi a coci, inda yake dariya cikin rigar Tibi mai ratsin baƙi da fari. Hoton yana cikin laftof ɗinsa.

Laftof ɗin na kan tebur a ɗakinsu na Akurba, a rufe yadda ya bar shi. Ta kira maƙwabciyarta Rahmat, wadda ta taɓa koyon taifin. Da suka ɗaga murfin sai allon ya farka, domin Oliver bai kashe shi ba. Wurin shafa yatsa ya daɗe da mutuwa, don haka da maus Rahmat ta bi har ta kai ga hotunan, jere ƙanana kamar kan sarki.

"Ga shi can," in ji Ngunan. "Tsaya a kansa."

Rahmat ta fito da filas, ɗan abin adana fayil na kwamfuta, za ta kwafe hoton. Ya yi kauri, ba zai shiga kusa da wayar maus ba. Sai ta zare maus ɗin ta mayar da shi ramin ɗaya gefen. Kwamfutar ta yi ɗan ƙara, wani rubutu ya leƙo a ƙasa ya ɓace. Kibiyar maus ɗin da ke kan allon ba ta motsa ba.

Ta mayar da shi ramin farko. Ta hure bakin wayar, ta goga maus ɗin a zaninta. Jar wutar ƙasansa na ci, amma kibiyar na nan tsaye a kan ƙirjin Oliver.

"Maman Vera," in ji Rahmat, mai kiran Ngunan da sunan 'yarta, "sai dai a kashe a sake kunnawa. Kin san faswod ɗinsa?"

Ngunan ta girgiza kai. "Ban taɓa tambaya ba. In ina son wani abu, shi yake buɗe mini."

NEPA sun ɗauke wuta tun safe. Rahmat ta kira ƙanenta Luqman mai gyaran kwamfuta, layin bai shiga ba. Ta daddanna maɓallai, kowanne sai ya yi ƙara kawai. Alamar batir ta koma ja.

Ngunan ta durƙusa, ta sa yatsa a kan allon tana tura kibiyar a hankali.

"Ba ya ji ta nan, Maman Vera."

"Na sani."

Rahmat ta ciro wayarta ta ɗauki hoton allon. Jim kaɗan laftof ɗin ya mutu.

Wannan hoton na waya aka buga. Fuskar ta fito dishi-dishi. A ƙofar coci, wata tsohuwa daga ƙauyensu ta daɗe tana kallon fostar, sannan ta tambayi Ngunan ko ƙanensa ne.