Tattalin Batir

Jirgin ya ratso ta saman Kurfi ƙasa-ƙasa, har kaji suka watse ƙarƙashin rumbuna. Cornelius ya fito ƙofar ofis da guntun rogo a hannu, ya ɗaga kai. Ƙaramin jirgi ne rawaya mai bututu jere a ƙarƙashin fukafukai, kuma daga wajen Wurma ya fito. Ya jefar da rogon.

Ya san jirgin sarai. Na kamfanin feshin fara ne, kamfanin da shi kansa yake yi wa aiki. A shekarar da aka ba Katsina jiha, fara ta sauka kan gero da dawa ba tausayi, sai kamfanin ya buɗe ɗan ofis a Kurfi, ɗaki ɗaya da teburi ɗaya da akwatin oba-oba a kai. Aikin Cornelius shi ne zama gaban akwatin nan. In za a yi feshi a wani yanki, babban ofis na Dutsin-Ma ne zai kira shi tun kafin ranar, shi kuma ya kai wa dagaci, mai shela ya zaga: a rufe rijiyoyi, a janye dabbobi, kada kowa ya taɓa farar da ta faɗi. To, ba wanda ya kira shi, ga shi kuma jirgi yana komawa gida da tankinsa wayam.

Inna Larai ce ta faɗo masa a rai. Ita ce mai gidan da yake haya, tsohuwa mai tuyar fara, wadda tun ranar da ya sauka daga Kafanchan ta ɗauke shi ɗa ba tare da ta nemi shawararsa ba. Sunansa ya fi ƙarfin harshenta, don haka ta datse shi ta mai da shi Kwano, gari kuma ya kama. Tun da asuba ta ɗauki buhunta ta tafi Wurma wurin ƙanenta Ilu, saboda ta ji an ce fara ta yi yawa a can.

Ya koma ciki da sauri. Koriyar fitilar akwatin tana nan a kunne, allurar batir tana tsaye cak a kan cika. Sabon akwati ne, ba irin tsohon ba da ke wuni yana shuuu kamar an zuba albasa a mai. Wannan da ka gama magana sai ya ɗan yi shuuu, ya yi ƙas, ya yi tsit. Cornelius ya ɗauki shirun nan alamar kaya mai kyau. Har baƙi yake nuna wa allurar da ba ta sauka, kai ka ce shi ya haife ta.

Ya danna madannin magana. "Dutsin-Ma, Dutsin-Ma, Kurfi ke kira, oba."

Muryar Malam Atiku, mai oba-oba na babban ofis, ta fito tangaram. "Kurfi, ina jin ka. Malam Kwano, ashe kana duniya."

"Malam Atiku, na ga jirgi. An yi feshi ne a Wurma?"

Malam Atiku ya ce, "An yi da sassafe. Na kira ka shekaranjiya, na kira ka jiya."

"Ina nan zaune. Ko fitsari sai na leƙo ta taga."

"Sallama uku nake yi maka kowane karo. Wanda ya yi sallama uku ba a amsa ba, ai juyawa yake. Kuma ba yau aka fara ba, tun da aka kawo muku sabon akwati sai in kai ne ka kira ake samun ka. Na ɗauka wani abu ne ke fitar da kai, ban so in tona maka asiri ba." Muryar ta yi ƙasa. "Jiya oga ya tambaye ni ko Kurfi sun sami saƙo. In na ce a'a, korar ka zai yi. Na ce sun samu. Jibi aka tsara feshin, na ce kafin nan zan same ka. Yau sai matuƙin ya ga gari ya yi kyau, oga ya ce tunda an sanar, a tashi."

Cornelius bai tsaya jin sauran ba. Ya figi kekensa.

Hanyar Wurma ta sha ruwan jiya. Ya yi tuƙi, ya yi turi, a rafi kuwa sai da ya saɓa keken a kafaɗa, ruwa na dukan cinyarsa. Tun daga bakin gari ƙanshin yaji da soyayyen mai ya tare shi, ƙanshin da kullum ke sa shi haɗiyar miyau. Yau sai ya ƙara wa keken wuta.

A gidan Ilu mata na zagaye da murhu suna raha. Inna Larai na jingine da rumbu, faranti cike da soyayyar fara a gabanta, zufa na tsattsafo mata har ta jiƙa ɗankwali.

"Kwano, mi ya koro ka?" ta ce tana dariya. "Zo ka ga ikon Allah. Yau hwara da kanta ta zube, ba kamu ba gudu, tsinta kawai muka yi."

"Inna, kin ci?"

"Ji tambaya. Ka taɓa ganin na saida abin da ban ɗanɗana ba?"

Haka ne kuwa, duk Kurfi an san ta da wannan. Kowane kasko sai ta ci ta ji gishiri, in bai yi ba ta ƙara ta sake ci. Cornelius ya ɗauki farantin ya kife a ƙasa, ya bi da ƙafa yana murjewa. Mata suka ja da baya. Inna Larai ta buɗe baki za ta yi masa faɗan da ta saba, amma sai miyau ya dalalo mata, ta share, wani ya sake zubowa. Ya durƙusa ya dubi idonta. Ƙwayar idon ta tsuke kamar kan allura.

Ya gaya musu abin da ya faru. Ilu ya ruga wurin mai unguwa a yi shela, sauran matan kuma, da yake ba su ci da yawa ba, kowacce ta nufi bayan gida tana sa yatsa a maƙogwaro. Aka kawo nono aka ɗura wa tsohuwa, ta mayar da shi. Aka yi maganar amalanken shanu, Ilu ya girgiza kai, ya ce rafi ba zai bari ba, sai dai mota ta zagayo ta mashigin sama.

"Zan je in kira mota da allurar karya guba," in ji Cornelius.

Ta riƙe wuyan hannunsa da yatsunta masu maiƙo. "Ka ko ci abinci yau?"

Ya ce ya ci. Ya zare hannunsa a hankali, don in ya ƙara daɗewa ba zai iya tafiya ba.

A Kurfi, malamin asibitin shan magani ya buɗe kabad ya nuna masa, babu allurar da ake buƙata, sai daga Dutsin-Ma. Cornelius ya faɗa ofis da laka har gwiwa, ya danna madanni, ya gaya wa Malam Atiku komai. Ya ji mutumin yana salati.

"Motar kamfani ta kai wa jirgi mai," in ji Malam Atiku. "Na tura a nemo ta, na tura a karɓo allura. Direban baƙo ne, bai san mashigin sama ba. Ka zauna nan, da sun taso zan gaya maka inda za ka tare su."

Cornelius ya danna ya ce to, ya saki madanni. Akwatin ya yi shuuu, ya yi ƙas. Ya zauna yana kallon koriyar fitila, sai wani tunani ya sa ya sake dannawa.

"Malam Atiku, ka yi magana yanzu?"

"Ina ta kiran ka in ce maka ka yi haƙuri."

A nan ya gane. Muddin ana jin shuuu ɗin, akwatin yana ji. Da ya yi ƙas ya toshe kunne, ya bar fitila a kunne don ya yaudari mai zama. Wata da watanni yana gadin kurma, yana kuma yabon sa da natsuwa.

Sai ya zamana ba shi da ikon matsawa. Duk lokacin da ya ji shuuu ɗin zai ɗauke, sai ya danna ya saki don ya tashe shi. Rana ta karkata, inuwar dalbejiya ta shigo ta taga ta hau teburin. Babban yatsansa ya yi tsami, ya koma ɗayan. Yana son ya kasance a Wurma yana riƙe da kan tsohuwar, yana son ya fita titi ya tare ko wace irin mota, amma in ya tashi akwatin zai yi barci, saƙon kuma ya wuce kamar na jiya. Bai taɓa jin kansa ba shi da amfani irin na ranar ba. Ya yi addu'ar da ya sani, can Dutsin-Ma Malam Atiku yana yin tasa, akwatin na shuuu a tsakaninsu.

Bayan la'asar aka yi sallama a bakin ƙofa. Muryar Ilu ce. Cornelius bai juya ba. Ilu ya sake yi. Sai a ta ukun ya amsa, ya waiwaya. Ilu na tsaye da wando jiƙe sharkaf, idonsa a ƙasa.

"Malam Kwano, sai haƙuri. Yaya ta cika."

"Kurfi, Kurfi," in ji akwatin, "an samu mota, ga su nan sun taso, oba."

Cornelius ya janye yatsansa daga madanni. Akwatin ya jira kaɗan, ya yi ƙas.

Bayan an yi sadakar bakwai kamfanin ya turo makanikinsa, wani mai fara'a da ake kira Tomas. Ya kwance bayan akwatin, ya leƙa, ya sa bakin sukudireba ya ture wani ɗan makunni da bai fi ƙwayar wake ba.

"Lafiyarsa lau," ya ce. "Tattalin batir yake yi. In ya ji shiru sai ya kashe kunnensa don kada ya sha wuta. Haka ake kawo su, mu kuma aka ce mu bar su haka, kai batir ƙauye wahala ne." Ya duba allurar batir, ya jinjina kai. "Kai, naka kamar jiya aka sa shi. Duk ofisoshinmu ba wanda ya kai ka riƙon kaya."

Ya ɗaure sukurori, ya kakkaɓe hannu, ya tafi neman abinci.

Cornelius ya zauna shi kaɗai. Akwatin yana ta shuuu ba ƙaƙƙautawa, irin ƙarar da ke tashinsa kowace safiya daga tsakar gida, sa'ad da Inna Larai ke zuba fara a kasko. Ya kai hannu zai rage murya, sai ya fasa, ya bar shi.