Bugu Uku a Bango

Bango ya yi ƙara sau uku, na ɗage ƙafa daga keken ɗinki na ruga ɗaki. 'Yata tana kwance rigingine, ƙirjinta na lotsawa. Na gyara mata kwanciya.

"Na gode, Baba!"

"Ki rage taka wannan jirgin naki," ya amsa ta bayan bango.

Baba Mai Rediyo ke nan, maƙwabcinmu. Shekara arba'in yana gyaran rediyo, ido ya tafi, kunne ne ya rage masa. Ba mata, ɗansa ɗaya kuma sai a waya. Tun da aka haifi yarinyar take numfashi da ƙara, kamar ƙofar da ba a sa wa mai. Keke yana hana ni ji, shi kuwa bai hana shi ba. Ya jingina kujerarsa da bangonmu, da zarar sautin ya sauya sai ya buga da cokali.

Da ta kai wata huɗu ba ta ƙara nauyi, likita ya ce saman maƙogwaronta ne ya yi laushi, yana rufe hanyar iska. Da hasken leza suka rage naman, ba wuƙa. Kwana biyu muka dawo gida.

Na kai masa ita. Ya kara kunne a ƙirjinta, ya daɗe.

"Tashar ta kama sarai," ya ce. "Ke nan an sallame ni daga aiki."

"Haba Baba, ai hutu ne."

"Hutun tsoho ba daɗi gare shi ba, 'yar nan."

Na yi dariya. Har yau dariyar nan tana ci mini rai.

Ɗinki ya taru, na duƙufa. Bango ya yi shiru, ni kuma ina murna, don a wurina shirun lafiya ne. Ban taɓa lura cewa bugun nan ne kaɗai ke gaya mini shi ma yana numfashi ba.

A rana ta uku mai shago ya leƙo. "Maman yarinya, tsohon nan bai zo karɓar burodinsa ba fa."

Kafinta ne ya ɓalle ƙofar. Yana zaune a kujerarsa, kansa jingine da bangonmu, cokalin na kan cinyarsa. Daidai kafaɗarsa, inda yake buga cokalin, fenti ya ɓare, wuri ɗan ƙarami, bai fi tafin hannun 'yata ba.