Tokar Baturi a Garken Alhaji Hamissou

Taurin kai ne ya ci Alhaji Hamissou, mai fataucin shanu a Djougou, ba wani maƙiyi ba.

Yana cikin tula busasshiyar ciyawa a sabon filin da ya kama kusa da Pélébina, inda masu fasa tsofaffin baturan mota suka bar tarkacensu, sai 'yarsa Ramlatou ta sauka daga babur. Hutu ta zo daga Parakou, can take karatun kimiyya.

"Baba, don Allah kada ka zuba shanu a nan. Dalmar baturi ce cike da ƙasar, guba ce."

"To ba ga wuta ba? In ta ci wurin, wace guba za ta saura?"

"Ciyawa da roba za ta ci, Baba. Ka ga, kowane ƙarfe ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani. A cibiyar kowace ƙwaya akwai wasu 'ya'ya, ana ce musu furoton, kuma yawansu ne ke sa abu ya zama abin da yake. Na dalma tamanin da biyu ne. Sai yawan nan ya canza za ta daina zama dalma, wutarka kuwa ba ta kaiwa can ciki."

"Ke kika ƙirga su?" Ya yi dariya. "Matsa, malama, kada hayaƙi ya ɓata miki turare."

Ya ƙyasta ashana. Wuta ta ci ta mutu. Da la'asar shanu suka shigo, suka sa harshe a toka kamar an zuba musu kanwa. Ramlatou ta kori wannan, wancan ya koma. Har muryarta ta dishe, sannan ta tsaya tana kallo, sanda a hannu.

Ba a daɗe ba wani farin bijimi ya makance, ya kafa kai jikin bishiya yana cizon haƙora. Da ya mutu, saura suka bi. Likitan dabbobi ya duba, ya ce kada mahauci ya ga ko tsoka ɗaya.

Alhaji ya ja 'yarsa gefe, murya ƙasa-ƙasa.

"Uwata, in aka dafa naman sosai fa? Har ya rabu da ƙashi?"

Ramlatou ta sunkuyar da kai.

"Tamanin da biyu ne a cikin tukunya ma, Baba."

Ya zauna a ƙasa, bai nemi tabarma ba. Bijimai huɗu, shanun tatsa shida, maruƙa uku da suka sha nonon iyayensu. Rami ɗaya aka haƙa musu, har da fatun.