Rabin Ƙwayar Bilkisu

Tun da aka cire wa Bilkisu nonon hagu a babban asibitin birni, ta dawo ƙauyensu na gefen Tsanyawa da ƙafarta, sai ta zama likitar unguwa ba tare da kowa ya naɗa ta ba. Mace ta yi tari, Bilkisu na da abin faɗa. Ba a kuma ga laifinta ba, don an riga an fid da rai da ita, ga ta nan tana surfe. Abin da ya rage mata kawai wata 'yar farar ƙwaya ce, da aka ce ta riƙa sha kullum don kada ciwon dajin ya dawo.

Ana cikin shukar gyaɗa faccalarta Aina'u, matar Muntaka ƙanin mijinta, ta ja ta bayan rumbu, ta kama hannunta ta ɗora a ƙirjinta. Wani ƙululu ne mai tauri, bai fi ƙwallon magarya ba.

"Yaya, kada ki gaya wa kowa. Ni wallahi wuƙar nan nake tsoro."

Bilkisu ta san amsar da ta dace: a shiga mota gobe da sassafe. Har ta buɗe baki. Sai ta tuna layin asibiti, da ruwan maganin da ya zubar mata da gashi, ta dubi yarinyar nan da take ji kamar ciki ɗaya suka fito, tausayi ya rufe mata ido. To, a gidan nan yaushe aka taɓa hana juna magani? Na ciwon kai ma ta kan katanga ake miƙa shi.

"Kwantar da hankalinki," in ji ta. "Ciwon ɗaya ne, maganin ma ɗaya. Naki ƙarami ne, tun yanzu za mu tare shi."

Daga ranar, kullum bayan an sha koko sai ta sa wuƙar yankan kuɓewa ta raba ƙwayar biyu, ta haɗiye rabi, ta miƙa rabi. Gero ya yi kai, aka girbe, aka cire gyaɗa har aka fara soya ƙuli. Ƙululun bai ma san ana yi ba. In Bilkisu ta tambaya sai Aina'u ta ce da sauƙi, ita kuwa ta yarda, don abin da take son ji ke nan. Sai da hammata ta kumbura, hannu ya ƙi ɗaga taɓarya, sannan Muntaka ya gane, ya sa su a mota.

A asibiti aka ɗebi 'yar tsoka aka kai gwaji. Ranar karɓar sakamako Bilkisu ce ta raka ta, har da 'yar fankamarta ta tsohuwar hannu. Likitar na zama, Bilkisu ta kwance bakin zane ta fito da kwalin ƙwayar.

"Ai ba a zaune muke ba, likita, tana shan wannan."

Likitar ta juya kwalin, fuskarta ta canja. "Wa ya ba ta?"

"Ni na saya a kemis," in ji Aina'u da sauri, ko kallon Bilkisu ba ta yi ba.

"Mama, dajin nono ba iri ɗaya ba ne," in ji likitar a hankali, tana duban Bilkisu, tsohuwar majinyaciyarta. "Alamomi uku muke nema a jikin tsokar, ko a kwamfutarmu kowane iri da lambarsa. Wani da sinadarin jikin mace yake girma, wannan ƙwayar ita ke toshe masa hanya. Ke irin naki ke nan, ki riƙe ta da kyau. Nata kuwa duka ukun babu. Ko buhu ta sha, ba abin da zai yi masa, kuma irinsa ba ya jira."

Bilkisu ta ce, "Da tun da damina muka zo fa?"

Likitar ta ajiye kwalin. "Da abin da za mu iya yi ya fi haka yawa. Yanzu ya taɓa huhu."

A motar hayis ta komawa gida Bilkisu ta zauna kamar an dasa ta. Nadama ta cika mata ciki. Ita da ta san hanyar asibitin nan ƙofa-ƙofa, ita ce ta tsare yarinyar mutane a gida da sunan ƙauna, yau kuma yarinyar ce ta yi ƙarya don ta rufa mata asiri. Da suka wuce Bichi sai ta juyo wajenta.

"Aina'u, don girman Allah ki ya..."

Aina'u ta dafa gwiwarta da hannun da ke da lafiya.

"Bar wannan, Yaya. Kin dai ji likita ta ce naki yana jin maganin. Daga gobe ki shanye abarki gaba ɗaya. Yaran nan nawa sai sun sami wadda za ta yi musu kitso."